Kafin Ki Buɗe Kwalbar Rezin

Kwalabe biyu na rezin aka aiko mini da su daga Kano cikin kwalin taliya, na je tasha na karɓa a hannun direba. Babu takarda, babu sunan kamfani, sai A da aka rubuta da maka a jikin ɗaya, B a jikin ɗayar. Mai sayarwar ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp wanda bai kai minti ɗaya ba: a haɗa biyu da ɗaya, a juya, a zuba, gobe a cire. Iyakar karatuna ke nan ranar da na shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar ɗakin kwanana a unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi, na turo ƙofa saboda yara, na fara zuba maratayan makulli ba safa a hannuna. In ya ɓata mini yatsa sai in dangwalo tina, ruwan nan na tsinka fenti, a tsumma in goge.

Wata biyu ina haka lafiya lau, har masu biki sun fara ba ni aikin kayan rabo. Wata safiya na tashi tsakanin yatsuna na ƙaiƙayi, wasu 'yan ƙuraje masu ruwa sun feso. Kafin kwana uku fatar idanuna ta kumbura. Inna ta kama hannuna ta juya shi a hasken bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kit taɓa? Wanga ba ƙurajen zahi ba na." A asibiti ma abin da likita ya fara tambayata ke nan, wace sana'a nake yi. Da na gaya masa, ya ce jikina ya riga ya ƙulla gaba da wannan sinadari, kuma irin wannan gabar ba ta cika wucewa ba. Man shafawar da ya rubuta ya warkar da ƙurajen. Amma har yau, in ɗigo ɗaya ya sami wuyan hannuna, washegari sai na gani a fatata.

Ban bar sana'ar ba. Ina sonta, tana rufa mini asiri. Sai dai ina yin ta da wata wahala wadda ke ba dole ba ne ki sha. Shi ya sa duk wadda ta zo koyo wurina, ranar farko ba ma buɗe kwalba, zama muke mu yi magana. Maganar wannan rana ce zan rubuta a nan. Da mace nake magana don mata suka fi zuwa wurina, amma kafintan da ke son zuba rezin a kan tebur, shi ma ya saurara.

Abin da ke cikin kwalaben nan biyu

Kin san Araldite, gam ɗin nan mai tiyub biyu da ake matsowa a cakuɗa a liƙe hannun kofin tangaran? Rezin ɗin ifoksi da muke zubawa ɗan gidansu ne, an dai tsinka shi an tace shi ya yi garau kamar gilashi. Kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da Araldite a shekarun 1940, kuma tun asali kayan masana'antu ne: liƙa sassan jirgin sama, fentin jiragen ruwa, daɓen manyan ma'aikatu. Can ma'aikaci yana da safa da tabarau da mai duba lafiyarsa. Mu ne muka shigo da shi ɗakin kwana.

Ruwan A shi ne rezin ɗin kansa, yawanci daga wani sinadari mai suna bisfenol A ake yin sa. Ruwan B shi ne mai daskarar da shi, daga dangin sinadaran da ake kira amin, 'yan'uwan amoniya. Duk wadda ta taɓa haɗa sabulun ruwa ta san yadda ake kaffa-kaffa da kostik soda. To haka za ki riƙi ruwan B, don da yawa daga cikinsu suna ƙona fata, a ido kuwa ɓarnarsu ta fi muni. Ruwan A bai cika ƙuna nan take ba, kuma nan yaudararsa take. Kullum ya taɓa ki jiki yana ajiye lissafi, ba ki jin komai, har ranar da zai ce ya isa. Wata sai ta shekara, wata mako kaɗan. Ba mai iya gaya miki ranar taki.

Rezin ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Haɗuwar A da B ce take ƙulla su su zama dutse, kuma wannan ƙulluwa tana fitar da zafi. In ya gama daskarewa sarai ya zama roba mai tauri wadda za ki riƙe ba fargaba. Haɗarin yana wurare uku: lokacin da yake ruwa, lokacin da ya kama amma bai gama nuna ba, da ƙurarsa in ana gogewa. Kuma kada rashin wari ya ruɗe ki. Za ki ga an rubuta cewa wannan ba shi da wari, wancan ba guba. Hanci ba ya auna abin da fata za ta ƙi.

Wurin saye, kada ki karɓi kwalba marar suna irin wadda na karɓa. Yawancin masu sayarwa babbar jarka suke saya su tsiyaya a ƙananan kwalabe, wannan ba laifi ba ne, amma ki ce a turo miki hoton takardar da ke jikin jarkar. Ki tambaya: haɗin nawa da nawa ne, kuma da nauyi ake aunawa ko da kofi? Kauri nawa ake iya zubawa a lokaci guda? Akwai na shafe fuskar tebur ko tire, wanda ba ya son ya wuce 'yan milimita kaɗan, akwai kuma na zuba mai zurfi wanda ke ɗaukar santimita da dama amma sai ya kwana biyu ko uku kafin ya kama. Da sunan kamfanin za ki iya nemo takardar bayanin haɗari a intanet, wadda ake kira SDS. Sashe 16 gare ta. Ko ba ki karanta duka ba, ki sa a fassara miki sashe na 2 mai faɗin haɗarin, na 4 mai faɗin taimakon gaggawa, da na 8 mai faɗin kayan kariya. A jikin jarkar kuma za ki ga 'yan hotuna cikin jan murabba'i: alamar motsin rai, ko ruwa yana ɗiga yana cin hannu, ko mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Ba ado ba ne.

Wani abu da ya kamata ki gane tun a kasuwa: in aka miƙo miki babban gwangwani mai wari mai hawa kai da wata 'yar mitsitsiyar kwalba, aka ce ki riƙa ɗiga kaɗan, wannan ba ifoksi ba ne. Rezin ɗin foliyesta ne, irin na masu aikin faiba da gyaran bambar mota. Tururinsa ya fi ƙarfi, yana kama wuta, ruwan 'yar kwalbar nan kuma ɗigonsa na iya makantar da ido. Ya fi arha, amma ba na mai koyo a cikin gida ba ne.

Wurin aiki

Ban da ɗakin kwana, ban da kicin, ban da duk inda jariri ke kwanciya. Ɗaki mai esi a rufe ma bai yi ba, don iskar ciki yake ta juyawa. Abin da ya fi shi ne baranda mai inuwa, ko wani ɗaki na daban mai taga biyu da iska ke ratsawa, kuma mai ƙofar da ake sa wa kwaɗo. Ni tsohon ɗakin ajiyar hatsi na share. Fanka tana bakin taga tana fuskantar waje, don ta ja tururin ta fitar, ba ta huro mini shi a fuska ba. In NEPA sun ɗauke wuta kika tayar da janareta, ya zauna can waje nesa da tagar.

Na san abin da za ki ce: ƙura fa? Gaskiya ne, a Birnin Kebbi cikin hunturu in kika bar taga a buɗe, kafin ki juya an yi wa aikinki hoda. Wannan ce ta sa mata da yawa suke rufe ko'ina ruf su zauna cikin tururi. Maganin ƙura kwali ne, ba rufe taga ba. Ki yayyafa ruwa a ƙasa ki share tun da sauran lokaci, ki bari ƙurar ta kwanta. Ki tanadi kwali mai tsabta ko babbar roba kusa da hannunki, kina gama zubawa ki kife a kai. Yana kuma tare ƙwarin da haske ke jawowa da dare, waɗanda ba abin da suke so kamar faɗawa tsakiyar tire.

Ki shimfiɗa leda mai kauri a kan teburin, rezin ba ya kama ta, in ya daskare ɓamɓarowa ake. Jarida kuwa tsotsewa take ta kai shi ga katako. Ki ɗora faranti da ɗan ruwa a kan teburin ki duba, in ruwan ya karkata gefe ɗaya ki sa wa ƙafar teburin ɗan kwali har ya daidaita. Duk abin da za ki buƙata ya kasance a gabanki tun kafin ki sa safa: sikeli, kofuna, sandunan juyawa, mazubin silikon da ke ba kayan siffa, kala, tishu, ledar shara a buɗe, sabulu, da buta cike da ruwa mai tsabta. Wayarki ki sa ta cikin farar leda ki ɗaure. Ta waya da mariƙin ƙofa rezin ke bin mutum har ɗaki ya sami 'ya'yansa.

Kofunan haɗi su zama na silikon ko na roba mai kauri wadda ke da lamba 5 ko harufan PP a gindi. Kofi ko cokalin da ya shiga wannan ɗaki ya yi sallama da kicin har abada.

Maganar yara kuwa ba ta wasa ba ce. Ruwan A fari ne garau kamar ruwan sha, wani ruwan B kamar zuma ko man gyaɗa. Kada ki taɓa juye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Ya zauna a mazubinsa na asali, murfi a ɗaure, a inuwa, a sama, a kulle. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai asma, shawarata su nemi likita tukuna, in da hali ma su dakata. Sana'ar ba gudu za ta yi ba.

Abin da za ki sa a jiki

Safar hannu ita ce gaba da komai, kuma ba kowace ba. Farar safar lateks da aka saba gani a kemis, sinadaran rezin suna ratsa ta ba tare da kin ga huda ba. Ta leda irin ta masu lalle da rinin gashi kuwa yagewa take. Ki nemi ta naitiril, yawanci shuɗiya ce ko baƙa, amma kada ki dogara da launi, ki karanta jikin kwalin. Ita ma ba ta har abada ba ce. In ta ɓaci sosai ki canza, in kin cire kin cire ke nan, ba a wankewa a maimaita. Wurin cirewa, ki tsunkuli bakin ta hannu ɗaya daga waje ki janye ta ta juya ciki ya koma waje, ki dunƙule ta a tafin ɗayan hannun, sannan ki zura yatsa ta cikin ta biyun ki juye ta a kan ta farkon. Ki gwada da safa mai tsabta sau biyu ko uku har hannunki ya saba. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, don a ƙarƙashinsu rezin ke maƙalewa ya kwana yana cin fata.

Tazarar nan da ke tsakanin bakin safa da hannun riga, nan ne yake samun yawancinmu. Ki ware riga guda mai dogon hannu wadda ba ta da faɗi, ki ja bakin safar ya hau kan hannun rigar. Dogon hijabi da mayafi ba sa shiga wurin nan, bakinsu na jan kofi ya kifar, ga kuma wuta in kina korar kumfa. Ɗankwali ɗaure tam ya wadatar. Ki sa takalmi mai rufe ƙafa. Rigar da ruwan ya jiƙa, ki tuɓe nan take, kada ki ce bari in gama.

Tabarau mai rufe gefe, irin na masu aikin injin yanka ƙarfe mai farin gilashi, shi ma ki tanada. Lokacin matse mazubi ko ɓalle murfin da ya liƙe ne ɗigo ke tsalle. Ɗan hakin da ka raina, an ce, shi ke tsone maka ido.

Takunkumi kala biyu ne, na ƙura da na tururi, kuma mutane suna haɗa su. Na asibiti da na yadi da muka saba da su tun zamanin korona ba sa tare tururin sinadari ko kaɗan. Wanda ake kira N95 ƙura yake tarewa, wurin gogewa yake da amfani. Na tururi shi ne mai robar da ke kama hanci da baki, da gwangwanaye biyu a gefe masu gawayi a ciki. In na Turai ne za ki ga harafin A da zanen launin ƙasa-ƙasa a jikin gwangwanin. Ki ajiye su cikin leda a ɗaure bayan aiki don gawayin yana ci gaba da tsotsar iska, ranar da kika fara jin wari ta ciki kuma sun gama aiki. In 'yan makullai biyu za ki zuba a baranda mai iska, iskar ta fi komai. Amma in aikin ya fara yawa, ko kina cikin ɗaki, ko kina hura masa zafi, ki saya. Ciwon kai, ƙaiƙayin maƙogwaro ko hawaye suna nufin ki fita waje yanzu.

Zafin garinmu

Wannan ne masu bidiyon ƙasashen waje ba za su gaya miki ba, don ba su san bazararmu ba. Yawancin kamfanoni suna auna lokacin aikin rezin ɗinsu a zafin digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Abin da aka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. In takarda ta ce kina da minti 40, a digiri 35 ki ɗauka 20 gare ki, in zafi ya fi haka ma bai kai ba.

Afrilun farko da na yi a sana'ar, wajen ƙarfe biyu na rana, na haɗa kusan rabin lita a kofin roba zan zuba babban tire. Aka yi sallama a zaure, na ajiye na fita. Ban fi minti goma ba. Da na dawo kofin ba ya taɓuwa, gefensa ya lotsa, wani farin hayaƙi mai ɗaci yana tashi, ruwan ya koma rawaya ya dunƙule ya tsattsage kamar alewar da ta ƙone. Da sanda na tura shi cikin bokitin ƙarfe, na ɗauke numfashi na kai shi ƙarshen tsakar gida kan yashi, na kora yara ɗaki. Dalilin shi ne, in rezin ya taru da yawa a wuri mai zurfi, zafin da yake fitarwa ba ya samun hanyar fita, zafin ya ƙara masa sauri, saurin ya ƙara zafi. Da a faffaɗan tire yake, da bai yi haka ba.

Saboda haka ki riƙa haɗa kaɗan kaɗan, kina gama juyawa ki zuba, kada ya zauna a kofi. Abu mai kauri a zuba shi hawa hawa, a bar na ƙasa ya kama ya huce. A bazara ni ba na haɗi tsakanin hantsi da La'asar. Ƙananan kaya bayan Asuba, manya da na katako bayan Isha'i lokacin da gari ke sanyaya, don katako in yana ɗumama iskar cikinsa yake hurowa ta zama kumfa. Nakan tsoma kwalaben a rufe cikin roba da ruwan randa na ɗan lokaci kafin in fara, in goge jikinsu ƙaƙas, don ɗigon ruwa ɗaya a cikin haɗi yana sa shi hazo. Da sanyin Disamba da Janairu akasin haka ne, ruwan A yana kauri ya riƙe kumfa, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Damina kuma laima ce matsalarta, takan bar wani maiƙo ko dusashewa a fuskar aikin. Wannan maiƙon ma kada ki taɓa shi ba safa, da ruwa da sabulu ake wanke shi. Ki lissafa lokacin salla kafin ki fara, don in kin haɗa ba ya jira.

Awo da juyi

Ki sayi ƙaramin sikeli mai batir wanda ke nuna giram. Biyu da ɗaya na nauyi daban yake da biyu da ɗaya na kofi, saboda A ya fi B nauyi, don haka ki bi abin da kamfanin ya ce. Don sanin yawan da za ki haɗa, ki cika mazubin da ruwa ki juye a kofin awo. In ya ba ki mililita 55, kina buƙatar kusan giram 60, wato A giram 40, B giram 20 in haɗin biyu da ɗaya ne na nauyi. Mazubin ya bushe sarai kafin ki zuba.

Kada ki ƙara B wai don ya kama da wuri. Ba yis ba ne. Kowane ɓangare na A yana da abokin ƙulluwarsa a cikin B, abin da ya yi rara haka zai zauna ɗanye a cikin kayan, ya riƙa danƙo, ya riƙa taɓa fatar wadda ta saya ta rataya a wuya. Kayan da ya kwana uku yana danƙo ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne.

Ki juya a hankali minti 3 zuwa 5, kina kankare gefe da gindin kofin, har zaren nan mai kama da hayaƙi ya ɓace ruwan ya yi garau. Kada ki sunkuya da fuskarki a kan kofin. Kumfa kuwa, da yawa suna fesa sifirit, wasu suna bi da laita ko 'yar tocin gas. Ko wanne kika zaɓa, kada ki haɗa biyun. Sifirit da kalar da ake haɗawa da shi suna kama wuta fal ɗaya, harshen wutar ma da rana ba a cika ganinsa ba. Ga mai koyo, tsinken sakace da haƙuri sun isa ƙananan kaya.

In abu ya faru

A fata: ki share da busasshen tishu tukuna, sannan sabulu da ruwa mai yawa, ki maimaita. Ban da tina, ban da fetur, ban da kalanzir, ban da ruwan goge farce. Kuskuren da ya fi cutar da ni ke nan. Suna narkar da rezin ɗin su kuma wanke maiƙon da ke kare fata, sai ya sami hanyar shiga. Ki wanke tun yana ruwa, don in ya daskare a farce ko yatsa ga wahalar cirewa, ga shi yana hana ruwan alwala isa fata. In ƙuraje suka fito, ko fuska ta kumbura ko da bayan kwana ɗaya ko biyu ne, ki tsayar da aiki ki ga likita, ki gaya masa ainihin abin da kike taɓawa.

A ido: butar nan da na ce ki ajiye. Ki buɗe idon da yatsu masu tsabta a riƙa zuba ruwa ba tsayawa, aƙalla minti 15, in buta ta ƙare a fasa fiya wata a ci gaba. Minti 15 yana da tsawo, ki sa wani ya duba agogo. Daga nan sai asibiti ko da kin ji sauƙi, mu nan Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya, da kwalbar ko hoton takardarta a hannu.

In yaro ya sha, Allah ya kiyaye, na san abin da hannu zai fara kaiwa gare shi manja ne, ko a sa masa yatsa ya yi amai. Kada a yi ko ɗaya. Abin da ya ƙona maƙogwaro wurin shiga zai sake ƙona shi wurin fita, kuma yana iya faɗawa huhu. A kurkure masa baki, a ɗauki kwalbar, a tafi asibiti nan take.

Ragowa da shara

Hoton mataccen kifin nan da mu yake. Abin da aka zuba a kwata a garin nan, ruwan sama fadama yake kai shi, inda shinkafarmu take, ya gangara gulbin da masuntanmu ke ci daga gare shi. Kada ki wanke kofi a makwarara. Ki bar ragowar ta daskare a cikin kofin da sandar a tsaye, washegari ki ja sandar, duk ya fito kamar ɓawo. In kwalabe sun ƙare da ɗan saura, ki haɗa sauran bisa awonsa, kaɗan kaɗan, ya daskare sannan a zubar. Safa da tishu a ɗaure a leda, a ajiye inda akuya da yara masu tsince-tsince ba za su kai ba. Kada a cinna musu wuta a bola, hayaƙinsu guba ne.

Bayan awa 24 yawanci za ki iya cirewa daga mazubi, amma bai gama nuna ba, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7. Ƙurar wanda bai nuna ba tana ɗauke da ɗanyen sinadari, ita ce mafi sharri ga huhu da fata. Ki jira, sannan ki goge da samfefa mai jure ruwa, kina tsomawa a ruwa, da N95 da tabarau da safa. Ki share wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ba tsintsiya ba.

Ki kuma gaya wa masu sayen kayanki gaskiya. Tiren rezin na ɗora kofi ne da kwalaben turare. Ba a zuba masa abinci mai zafi, ba a yanka a kansa, ba a ba jariri ya tauna. Yawancin na ado yana fara laushi tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba, in an bar shi a mota cikin rana ma lanƙwashewa yake, ya kuma yi rawaya. Amare suna son ɗora kaskon turaren wuta a kan tirensu. Ni nakan ce su sa tayil ko faifan ƙarfe mai ƙafa a tsakani, garwashi kuwa kada ya kusance shi.

Ranar zubinki na farko, kada ya wuce giram 60 ɗin nan, maratayan makulli biyu ko uku, kala ɗaya. Ki zaɓi lokacin da wani babba yake gida kuma ya san abin da kike yi, yara suna wani wuri. In kin zuba ki kife kwali, ki ɗaure murafen kwalabe ki goge bakinsu, sannan ki cire safa, ki wanke hannu har gwiwar hannu, ki rataye rigar aikin a nan cikin ɗakin. Ki rubuta rana da lokaci a bayan kwalin, ki bar taga a buɗe, ki sa kwaɗo. Gobe war haka ki sa sabuwar safa ki taɓa ragowar da ke cikin kofin, ba kayan ba. In ta yi tauri ba danƙo, ki cire su daga mazubi ki jera a kan leda a inuwa. Samfefa sai rana ta bakwai.